Koriya Ta Riƙe Arirang, Mu Ina Waƙar Dakanmu?

Da labari ya bazu a watan Yunin 2025 cewa samarin ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, BTS, sun kammala aikin soja, sai masu guna-guni suka sake tasowa: wai waƙar Koriya kwaikwayon Amurka ce zalla, ta zo ta ɗauke hankalin 'ya'yanmu. Kiɗan kam akwai aro a ciki, ba musu. Amma abin da Koriya ta yi wa waƙoƙin kakanninta, shi ba a faɗa.

Arirang waƙar talakawa ce, ta manoma da matan karkara. Zamanin mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945, da ita Koriyawa suka riƙa tuna ko su wane ne. A gasar Olympics ta Pyeongchang a 2018, da 'yan wasan Koriya ta Kudu da ta Arewa suka shigo fili tare, ita aka sa musu. Tun 1962 Koriya ta Kudu ta kafa dokar kare gadon al'adu. Gwanin waƙar gargajiya ana ba shi alawus duk wata, shi kuma ya koyar da almajirai. A 2012, shekarar da waƙar Koriyar nan Gangnam Style ta cika kallo biliyan ɗaya a YouTube, UNESCO ta sanya Arirang a kundinta.

To, a zo Tofa ta Jihar Kano. A da, a ƙauyukan nan mata kan jeru a bakin turmi, taɓarya na tashi ana tafi kafin a cafe, ana lugude, ana yi wa kishiya habaici a cikin waƙa. Ranar gayya makaɗin gangar noma na biye da samari kunya-kunya, yana wasa gwani har ya zarce sa'o'insa. Injin niƙa ya ɗauke wa mata wahala, mun gode, amma ya tafi da waƙar. Ƙwadago da maganin ciyawa kuma suka rage gayya.

Su Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge sun ci sa'a, an naɗe muryoyinsu, kuma masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi musu hidima. Tsohuwar da ta haddace waƙoƙin daka da na raino fa? Ba ta da faifai, ba ta da magaji, domin jikarta ba ta taɓa surfe ba.

Jami'ar Bayero tana kan hanyar Gwarzo, ba wata tafiya ba ce zuwa Tofa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da shugabannin ƙaramar hukuma, wayar hannu kaɗai ta isa wannan aiki. Ku tura ɗalibai su naɗo bakin tsofaffin nan a bana, kuma a biya su haƙƙinsu.