Yadda Zuma Ta Ginshi 'Yan Kallo

A shekarar 2019 kamfanin Marvel ya saki fim ɗin Captain Marvel, ya kwashi kuɗin tikiti sama da dala biliyan 1.1 a gidajen sinima na duniya. A Nuwamban 2023 aka fito da cigabansa, The Marvels. Jarumar ita ce dai, kamfanin ma shi ne, amma abin da ya shigo bai wuce dala miliyan 206 ba, wato ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin farko bai kai ba. Tun da Marvel ya fara jerin fina-finansa da Iron Man a 2008, bai taɓa shan ƙasa irin wannan ba. Gaskiya ne yajin aikin 'yan wasan Hollywood ya hana taurarin fim ɗin fita tallarsa, sai dai a shekarar ce kuma The Flash na kamfanin Warner Bros. ya faɗi warwas, shi ma Ant-Man na uku da ƙyar ya sha.

Nan da nan manazarta suka yanke hukunci: mutane sun gaji da jaruman da ke tashi sama suna ɗaga motoci. Ni ban gamsu ba. Da jaruman aka gaji da su, da Deadpool & Wolverine bai tara dala biliyan 1.3 a 2024 ba. Abin da ya gunduri mai kallo shi ne jingar da aka ɗora masa.

Ga yadda abin ya faru. Daga 2008 zuwa 2019 Marvel ya yi fina-finai 22 waɗanda suka nufi wuri guda. Akwai mugu ɗaya, Thanos, da ake ta hango shi daga nesa, har aka yi karon ƙarshe a Avengers: Endgame, wanda ya samo kusan dala biliyan 2.8. Labari ya kai gaɓa, Iron Man ya mutu, mutane suka share hawaye suka tafi gida. Amma Disney, da ya sayi Marvel kan dala biliyan 4 tun 2009, ya buɗe manhajarsa ta kallo, Disney+, a ƙarshen 2019, kuma manhaja rumbu ce da ba ta cika. A 2021 kaɗai an fitar da fina-finai 4 da masu dogon zango 5, duk a sarƙe da juna. Kafin ka gane su wane ne mata biyun da ke tare da jarumar The Marvels, sai ka kalli WandaVision da Ms. Marvel, awanni masu yawa a manhajar da ake biya duk wata. Wanda ya fito shan iska da yamma sai ya tarar ana tambayarsa hadda. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da bakinsa ya amsa cewa yawan ya rage ingancin, ya kuma sanar a 2024 cewa za su taƙaita zuwa fim biyu ko uku a shekara.

Duk wanda ya bi wani fim mai dogon zango na Hausa a YouTube, ya ga labarin da ya kamata ya ƙare a zango na uku ana ta jan sa kamar danƙo saboda masu talla, ya san wannan gajiyar ba sai an fassara masa ba.

Masana'antar wasannin bidiyo, wadda kuɗin da ke juyawa a cikinta ya ninka na tikitin sinima sau da yawa, ta kamu da ciwo iri ɗaya. A da, ka sayi faifan gem, ka buga, ka cinye, ka ajiye. Sai Fortnite ya zo a 2017 ya nuna wata hanyar: a ba ka wasan kyauta, a riƙe ka shekara da shekaru, kana sayen tufafi da raye-raye wa ɗan wasanka. Kowane babban kamfani ya ce shi ma sai ya haƙa irin wannan rijiyar. Matsalar ita ce yini awa 24 ne. Yaron da ya riga ya zuba shekara biyar da kuɗinsa da abokansa a Fortnite ko Call of Duty ko Roblox ba zai yi ƙaura don an buɗe sabon shago a gefe ba.

Sony ya ga haka da idonsa. A Agustan 2024 ya saki Concord, wasan harbe-harbe da aka shafe shekaru ana ginawa, ya sa masa farashin dala 40 a kasuwar da kishiyoyinsa suke kyauta. Cikin mako biyu aka kashe shi, aka mayar wa waɗanda suka saya kuɗinsu, daga baya aka rufe Firewalk, kamfanin da ya ƙera shi. Inda ciwukan biyu suka haɗu kuwa shi ne Suicide Squad: Kill the Justice League. Rocksteady, masu wasannin Batman: Arkham da aka yi ta yabo, su aka sa suka bar abin da suka iya, wato labari mai farko da ƙarshe, suka yi wasan da ake so ka dawo masa kullum. Warner Bros. ya ce abin ya ja masa asarar kimanin dala miliyan 200. Wanda ya fi jin jiki a nan ma'aikaci ne. Dubban mutane sun rasa aiki a 2023 da 2024. Microsoft, wata uku bayan ya kammala sayen Activision Blizzard kan kusan dala biliyan 69, ya sallami mutum 1,900 daga sashen wasanninsa.

A daidai wannan lokacin, Baldur's Gate 3 na wani kamfanin Beljiyam mai suna Larian ya lashe kyautar gwarzon wasan 2023, alhali sau ɗaya kake biya, ba a bin ka da ƙoƙon bara a ciki. Black Myth: Wukong daga ƙasar Sin ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Kada dai a ɗauka tsarin riƙe mutum ya mutu: Marvel Rivals, wasan kyauta mai ɗauke da jaruman nan da aka ce an gaji da su, ya samu karɓuwa sosai a ƙarshen 2024. Kujerun ne kaɗan, masu neman zama sun yi yawa.

Abin dariyar shi ne inda Hollywood ta juya neman sabuwar saniyar tatsa: wajen wasannin bidiyo. The Super Mario Bros. Movie ya tara sama da dala biliyan 1.3 a 2023, ya doke duk wani fim ɗin jarumai na shekarar. The Last of Us da Fallout sun yi tashe a talabijin, A Minecraft Movie ya haura dala miliyan 900 a 2025. Ina zargin nan da 'yan shekaru za a tatsi wannan ma har ta fara harbi, don masu tatsar ba su canza ba.

Shi kuwa Marvel, da ya rasa tudun dafawa, sai ya tuna cewa da tsohuwar zuma ake magani. A Yulin 2024, a taron Comic-Con na birnin San Diego, wani mutum ya hau dandamali sanye da abin rufe fuska, ya cire, sai ga Robert Downey Jr., wanda aka binne a matsayin Iron Man shekara biyar da suka wuce. Zai dawo, wannan karon a matsayin mugu, Doctor Doom. Zauren ya kaure da ihu. Amma waɗanda ke cikin zauren nan su ne masu bin layi tun dare don su samu kujera, ba su ne suka daina zuwa sinima ba.