Gonar aro da iyakar gona: abin da ya kamata ka sani

Ɗan'uwa manomi, ruwan shibka ya kusa. Lokacin nan ne rigimar iyaka take tashi cikin garuruwanmu. Tambayar da aka hi yi ita ce: in mutum ya daɗe yana noma wuri, wurin ya zama nashi?

Bisa al'adarmu, daɗewa ba ta maida aro mallaka. Ko shekara talatin ka yi cikin gonar aro, gona ta mai ita ce. A 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi jawabi cewa gona ta zauna hannun mai nomanta. Har yau wasu suna kawo wannan magana gaban sarki. Amma dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce dokar karkara mai lamba 93-015, ta ran 2 ga watan Maris 1993.

Wannan doka ta yarda da mallaka ta al'ada kamar yadda ta yarda da ta takarda. Gona tana zama taka ta hanyar gado wanda mutanen gari suka shaida, ko kyauta ta har abada daga sarki, ko wata hanya da al'adar wurin ta amince da ita.

To, ina haɗarin yake? Yana wajen shaidu. Ka ba mutum aron gona, ka yi shiru. Tsohin da suka ga an ba da aron sun rasu. Ɗiyan mai aro sun tashi sun iske ubansu cikin gonar, sai su ce gado ce. Kai kuma ba ka da abin nunawa. Haka iyaka take ɓacewa: bana maƙwabci ya ci taki guda, baɗi ya ƙara guda, har a rasa mai sanin inda take.

Ga abin da za ka yi.

1. Ka kira maƙwabcinka ku bi iyaka tare, gaban mai gari da dattijai. Ku dasa gamba ko aguwa bisa layin. Kada ka yi shinge kai kaɗai. In za ka yi darni ko shingen ƙaya, ka yi shi cikin naka hili.

2. In za ka ba da aro, ko haya, ko jingina, ko za ka saida, ka tahi wurin kwamitin hilaye, wanda ake kira Kofo. Akwai na gari, da na komin, da na departama. Mai gari ne shugaban na gari, kuma sakatarensa mutum ne mai karatu da rubutu kamar kai. Su rubuta muku takarda da sunayen shaidu. Ka karanta ta da kanka kahin ka sa hannu.

3. In kai ne mai aro, ka riƙa kai ma mai gona damin hatsi bayan girbi, mutane na gani. Damin nan yana tuna ma kowa asalin gonar, yana kuma tsare amana tsakaninku.

4. Kada ka ci burtali ko makiyaya. Dokar kiwo mai lamba 2010-29 ta 2010 ta sa su cikin dukiyar ƙasa. Kome daɗewarka ciki, ba su zama naka.

5. In rigima ta tashi, kada ka tuge shibkar kowa, kada ka ɗauki sanda. Ka kai ƙara wurin mai gari. In abin ya gagara, sai sarkin kanto. Doka ta ce sai an nemi sulhu tukuna a tahi gidan shari'a. In an sasanta ku, ka roƙi takardar sulhu, ka ajiye ta inda gara ba ta kai.

Ka karanta ma waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba wannan bayani. Allah ya ba mu damina mai albarka.