Riƙon Tsohuwar Fijo Wagon a Garin Jos

Lokacin da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, babu abin da ya jawo doguwar magana kamar tsohuwar motarsa, wato Peugeot 504 mai dogon baya wadda kowa ya fi sani da fijo wagon. Shekara uku ta yi a ƙofar gida ba ta motsa ba, har kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki. Yayanmu ya ce a kira 'yan jari-bola su saye ta a kilo kowa ya huta. Ni kuwa na roƙa a yi mata kuɗi a sa ta cikin rabona. Ya dube ni ya ce, "Kai da kuɗin rajista ma sai an haɗa maka, gawa za ka ɗauka?" Na ce, "Yaya, a bar mini ita dai." Abin da na koya daga wannan rana zuwa yau shi nake son in bayyana wa mai karatu, ko da akwai wanda irinta ke kwance a gidansu.

A shekarar 1968 kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504, sannan samfurin wagon ya biyo baya a farkon shekarun 1970. Mu a nan ta zama 'yar gida ne bayan an buɗe masana'antar harhaɗa fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa duk wanda ya yi tafiya daga tashar Bauchi Road a wancan zamani, ko zuwa Kano ko Kaduna ko Maiduguri, da wuya a ce bai taɓa lanƙwashe ƙafa a kujerarta ta ƙarshe ba. Daga baya ne Golf da Sharan da Sienna 'yan Kwatano suka ƙwace mata layi.

Wagon ba fijo salun ba ce da aka ƙara wa baya kawai. Tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya mita 2.90 ce, ta salun kuwa 2.74, kuma sifirin huɗu ne ke riƙe da bayanta maimakon biyu. Wannan ne sirrin da ya sa take ɗaukar kujeru sahu uku, a ɗora mata buhunan dankalin Turawa daga Bokkos, ta kuma hau Hawan Kibo ba ta durƙusa ba. Injinta mai silinda huɗu ne, kuma kafireta ke ba shi mai, babu kwamfuta a jikinta ko ɗaya. Abin da ya lalace, ido zai gan shi, kunne zai ji shi.

To a nan ne na yi kuskurena na farko. Na ɗauka adana mota shi ne a wanke ta, a rufe ta da tamfol, a riƙa leƙawa. Wani dattijon bakanike da ya daɗe yana yi wa mahaifinmu aiki shi ya gyara mini tunani. Ya ɗaga tamfol ɗin, ya shafa ƙasan ƙofa, sai ga tsatsa tana zuba kamar garin kuka. Ya ce, "Ɗana, hanya ba ta kashe fijo. Zama ke kashe ta." Dalili kuwa a fili yake. Fetur idan ya daɗe a kafireta yakan zama danƙo ya toshe ƙananan ramukanta, robobi su bushe su tsage, birki ya liƙe, batir ya mutu, ɓeraye kuma su samu wayar da za su gwaguya. Tamfol ɗin da nake tinƙaho da shi kuwa danshi yake tarawa. Yanzu kowace Asabar sai na tashe ta, in je Bukuru in dawo, domin injin ya yi zafi sosai.

Garin Jos yana da nasa hali da ya kamata mai riƙon irin wannan mota ya sani. Muna bisa tudu ne, kimanin mita 1,200 daga doron teku, iskarmu ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Saboda haka kafiretar da aka saita a Legas ko Lakwaja, idan ta hawo nan, mai zai rinjayi iska, filogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, aljihu kuma ya ji a jikinsa. Sai an sake saita ta a nan. Haka kuma akwai wani ɗan ƙarfe da ke tsare ruwan lagireto har injin ya ɗumama, wanda makanikai da yawa kan cire su yar, wai zafi yake jawowa. Ko mene ne hujjarsu a garuruwa masu zafi, a sanyin Jos na Disamba da Janairu cire shi cuta ce, domin injin zai daɗe yana aiki da sanyi, yana shan mai yana cin kansa. Damina ma doguwa ce gare mu, tun daga Afrilu har Oktoba, kuma tsatsa ba ta farawa daga inda ake gani. Ƙarƙashin tabarmar ƙafa, da gindin ƙofar baya, da cikin marfin tayoyi inda laka ke maƙalewa, nan za a fara dubawa. Fenti mai ƙyalli a kan ruɓaɓɓen ƙarfe kwalliya ce kawai. Ruwan birki kuma yana jan danshi, don haka ina sauya shi duk shekara biyu. Wanda ya taɓa gangarawa Hawan Kibo ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kayan inji har yanzu ana samu a Dilimi idan mutum yana da haƙurin yawo, amma sai an yi hattara, don na taɓa sayen famfon ruwa a wani shago, sabo fil a kwali, bai yi wata biyu ba ya fara yoyo. Abin da ya fi wuya shi ne kayan jiki na wagon kanta: fitilun baya, gilasan gefe, robar ƙofa. Duk wagon ɗin da aka sara aka kai ma'auni ta tafi da su ke nan. A Faransa, motar da ta haura shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi, kuma Peugeot na da gidan tarihi a garin Sochaux. Mu tamu takardar ita ce ta kowa, a sabunta duk shekara ko a sha tsayawa a hanya.

Ba zan ɓoye ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023, akwai Asabar ɗin da nake lissafi sau biyu kafin in murɗa makulli, kuma Yaya bai fasa yi mini dariya ba, ko da yake ita ta kai gara ranar bikin 'yarsa. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba fetur ba ne. Dattijon nan ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni, yaransa kuma duk sun koma gyaran motoci masu kwamfuta, inda kuɗi yake, ban kuwa ga laifinsu ba. Shi da kunne yake saita inji. Don haka na sayi littafi, duk ranar da na je garejinsa ina rubuta abin da ya yi da yadda ya kira kowane ƙarfe da Hausar gareji. Na cika shafi 40, har wani malaminmu ya ce in duba ko zai zama kundin kammala digiri. Robar ƙofar baya ce dai har yau ban samu ba. An ce mini akwai wata wagon da ke kwance a wani gida a Mangu, ina shirin zuwa kafin masu ma'auni su riga ni.