Seiji Ozawa: madugun kiɗa da ya riƙa tattaro ƴan ci-ranin Japan gida duk shekara

A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a Maraɗi da Damagaram, garin Matsumoto da ke tsakiyar duwatsun ƙasar Japan shi kuma baƙi yake tarba. Makaɗa ne ke sauka da akwatunan kayan kiɗansu, wasu daga Jamus, wasu daga Amurka, wasu daga Tokiyo. Da yawansu ƴan ƙasar ne da aiki ya kai waje. Suna haɗuwa na ƴan makonni, su yi wasa tare, kowa ya koma inda yake cin abinci. Sunan ƙungiyar Saito Kinen, kuma mutumin da ya riƙe ta shekara 40, Seiji Ozawa, ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 2024 a Tokiyo yana da shekara 88.

A kiɗan gargajiyar Turai, wanda ake kira kilasik, makaɗa kan kai 80 ko 100 a dandamali guda, da masu goge iri-iri, da masu busa, da masu ganga. Mutum ɗaya ne ke tsayawa gabansu ba ya kaɗa komai. Da hannu da ido yake nuna inda za a shiga, inda za a sassauta, inda za a ɗaga. Shi ne madugu. Wanda ya gan shi daga nesa zai ce rawa kawai yake yi, alhali yawancin aikinsa ya ƙare tun a ɗakin gwaji.

An haifi Ozawa a 1935 a birnin Mukden, wato Shenyang ta ƙasar Sin a yau. Fiyano ya fara koyo, sai ya karya yatsu biyu a wasan rugby yana saurayi. Daga nan ya koma koyon jagorancin makaɗa a hannun Hideo Saito, malamin da ya yi karatu a Jamus kuma yana cikin waɗanda suka kafa makarantar kiɗa ta Toho Gakuen. Saito ya yi suna da tsanani, amma a hannunsa aka samu jerin makaɗan da suka cika manyan ƙungiyoyin duniya.

A 1959 Ozawa ya shiga jirgin ruwan ɗaukar kaya da babur ɗinsa, ya nufi Faransa. A shekarar ya lashe gasar matasan madugai ta garin Besançon. Ƙofofi suka buɗe: ya yi karatu wurin Herbert von Karajan a Barlin, ya zama mataimakin Leonard Bernstein a Niyok.

Gida ne bai karɓe shi ba. A 1962, yana da shekara 27, makaɗan ƙungiyar gidan rediyo da talabijin na NHK suka ƙi yin wasa a ƙarƙashinsa. Ana ganin yaron ya dawo da ɗabi'ar Amurka, ba ya ba manya girmansu. A watan Disamba ya je zauren wasa ya tsaya shi kaɗai, babu makaɗi ko ɗaya. Ya kama hanyar waje, ya riƙe ƙungiyoyin Toronto da San Francisco, sannan ta Boston daga 1973 zuwa 2002, shekara 29 cur. Bai sake tsayawa gaban makaɗan NHK ba sai 1995.

Abin da ya maido da shi shi ne tunawa da malami. Saito ya rasu a 1974. Da aka cika shekara goma, a 1984, Ozawa da abokin karatunsa Kazuyoshi Akiyama suka kira tsofaffin ɗaliban marigayin daga ko'ina, sama da 100 suka amsa, aka yi wasa a Osaka da Tokiyo. Ma'anar Saito Kinen ke nan, tunawa da Saito. An shirya abin ne a matsayin taron juyayi na sau ɗaya. Amma mutanen da malami guda ya hore su, sai ga shi jan gogensu ya zo ɗaya duk da sun daɗe ba su haɗu ba. A 1987 suka zagaya Turai, inda a lokacin ake yawan tambayar ko mutumin Asiya zai iya kaɗa Brahms da Beethoven har ya taɓa zuciya.

A 1992 ƙungiyar ta samu mazauni a Matsumoto, cikin jihar Nagano, garin da ke da tsohuwar fada mai baƙin bango kuma cibiyar tsarin Suzuki na koyar da yara goge. A bikin farko an yi wasan opera na Stravinsky mai suna Oedipus Rex, wanda Julie Taymor ta tsara, mawaƙiya Jessye Norman ta rera a ciki. Zaɓen ƙaramin gari maimakon Tokiyo dabara ce. A babban birni makaɗi zai yi gwaji ya ruga wani aikin. A Matsumoto kuwa babu inda za shi, tare ake wuni.

Nan ne bambancin wannan alaƙa da aikinsa na Boston ko na gidan opera na Biyana, wanda ya riƙe daga 2002 zuwa 2010. Can kwangila ce da albashi, kuma a shekarunsa na ƙarshe a Boston an yi ta sukarsa cewa ya daɗe da yawa, kiɗan ya fara sanyi. A Matsumoto gayyata ce. Makaɗin da ya zo, hutunsa ya sadaukar.

An ga amfanin haka a 2010, lokacin da likitoci suka gano ciwon daji a maƙoshinsa. Bayan tiyata, a watan Satumba ya hau dandamali a Matsumoto, ya ja kashi ɗaya kacal na wani kiɗan Tchaikovsky, ƴan mintoci, ya sauka. A Disamba ya kai ƙungiyar zauren Carnegie da ke Niyok. Daga baya jiki ya sake ƙi, ya huta shekara guda, ya dawo a 2013 da opera ta Ravel, wadda faifanta ya samu kyautar Grammy a 2016. Ƙungiya mai wasa duk mako dole ta nemi wani. Wannan ta iya jira. A 2015 aka sauya sunan bikin zuwa Seiji Ozawa Matsumoto Festival.

Wasansa na ƙarshe da su ya zo ne a Nuwamban 2022. Yana zaune kan keken marasa lafiya, hannu da ƙyar yake ɗagawa, ya ja su a kiɗan Egmont na Beethoven, aka aika sautin kai tsaye zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa inda ɗan Japan Koichi Wakata ke aiki.

Yanzu bikin na fuskantar matsalar da ke jiran duk abin da aka gina kan mutum ɗaya. Ɗaliban Saito na asali sun tsufa, tunda malamin ya haura shekara 50 da rasuwa, kuma sunan Ozawa ne ke jawo manyan baƙi da masu ba da kuɗi. A 2024 aka naɗa Nodoka Okisawa babbar baƙuwar madugun bikin. An haife ta a 1987, shekarar da ƙungiyar ta fara zuwa Turai, kuma ita ma ta lashe gasar Besançon a 2019, shekara 60 bayan Ozawa.