Yadda za ka gane girman fambel ɗin tsohuwar motarka

Malam manomi, idan fambel ɗin tsohuwar Fijo 504 da kake kai albasa kasuwar Kara a Sakkwato ya tsinke, kar ka sayo wani bisa kintace. Duba bayansa: lamba irin 10x950 na nufin faɗi milimita 10, tsawo milimita 950. In ta goge, zagaya igiya ta hanyar da fambel ɗin ke bi, ka auna ta, don tsohon ya riga ya miƙe. Bayan an ɗaura, danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1. In ya yi sako-sako, ruwan lagireto ba zai zagaya ba, batir ba caji. A zafin Afrilu kuwa, sai inji ya ƙone, albasa ta kwana a hanya.