Ciwon tabban jijiya: abin da ke kawo shi da magungunan da ake yi masa

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira da Faransanci « sclérose en plaques », wanda har yanzu ba shi da tsayayyen suna a Hausa. A nan za mu kira shi ciwon tabban jijiya, domin tabo yake bari a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido. Ƙidayar da aka yi a shekara ta 2020 ta nuna mutum miliyan 2 da dubu 800 ke fama da shi a duniya. Mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma yawanci tsakanin shekara 20 da 40 yake bayyana, watau lokacin da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa, yana riƙe da gida da aiki. Tun da ba a samu maganin da ke kawar da shi ɗungum ba, masu tallar magani iri iri sun kewaye majiyyata. Shi ya sa ya kamata mai karatu ya bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake zato kawai.

Yadda ciwon yake

Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi kamar wayar lantarki suke: kowace tana da rigar da ta lulluɓe ta. Rigar ta kitse ce, ana ce mata miyelin. A cikin wannan ciwo, garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta, ita ke juyowa tana cin wannan riga. Inda rigar ta ɓare, saƙo yakan yi jinkiri ko ya tsaya. Daga nan sai ido ɗaya ya dushe yana ciwo, ko mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, ko ƙafa ta sage, ko ya ji kamar kiyashi na yawo a jikinsa. Akwai kuma jiri, da gajiya mai tsanani, da kasa riƙe fitsari. Lokotoro Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière a birnin Pari shi ya fara bayyana ciwon dalla dalla a shekara ta 1868.

Ga wani abu da ya kamata a riƙe da kyau. Wajen mutum 85 cikin 100, ciwon da farko tasowa yake yi ya kwanta: ya kama mutum kwanaki ko makonni, sa'an nan ya lafa don kansa, wata da watanni ko ma shekaru. Saboda haka duk abin da majiyyaci ya sha ana gab da lafawar, shi ke samun yabo, ko da ruwan randa ne.

Daga ina yake fitowa?

Masana ba su ɗora alhakin a kan abu guda ba. Dalilai ne ke haɗuwa a jikin mutum ɗaya.

Na farko shi ne gado. An gano wurare fiye da 200 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu ƙara haɗarin kamuwa, mafi yawansu kuma sun shafi garkuwar jiki. Amma gado kaɗai bai isa ba. In ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya ya kamu, kamar sau ɗaya cikin huɗu ne ɗan'uwansa ke kamuwa. A shekara ta 2024 masu bincike na Ingila da Danmak, bayan sun auna ƙasusuwan mutanen dā, sun nuna cewa wasu makiyaya da suka taso daga filayen arewacin Baƙin Teku, kimanin shekara 5000 da suka wuce, su suka kai wannan gado arewacin Turai. Ana jin a lokacin yana kare su ne daga cututtukan da ake ɗauka wajen dabbobi.

Na biyu shi ne wurin zama. Ciwon ya fi yawa a ƙasashen sanyi kamar Kanada da Suwed da arewacin Birtaniya, yana raguwa in an nufo tsakiyar duniya. Wanda ya yi ƙaura yana yaro yakan ɗauki haɗarin ƙasar da ya koma, wanda ya ƙaura da girmansa kuwa yakan tafi da na ƙasarsu. Wannan ya sa aka zargi ƙarancin hasken rana da ƙarancin bitamin D, wanda fata ke ƙerawa in rana ta taɓa ta.

Na uku, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi a yau, wata ƙwayar cuta ce mai suna Epstein-Barr. An gano ta a shekara ta 1964 a cikin wani ƙari na sankara da aka aiko Landan daga Yuganda. Ta miyau ake ɗaukar ta, kuma kusan mutum 95 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita ba tare da sun sani ba. A shekara ta 2022 masu bincike na jami'ar Harvard sun fito da sakamakon jinin sojojin Amurka fiye da miliyan 10 da aka adana cikin shekara 20. Daga cikin mutum 801 masu ciwon da aka auna, 800 sun ɗauki ƙwayar kafin ciwon ya bayyana, kuma ɗaukar ta ya ninka haɗarin sau 32. Ke nan ita ce ke buɗe ƙofa, amma ba duk mai ɗauke da ita ke kamuwa ba. A Afirka yara kan ɗauke ta tun suna ƙanana, a Turai kuwa da yawa sai sun balaga, lokacin da takan zo da zazzaɓi da kumburin maƙogwaro, kuma irin wannan kamu ya fi jawo haɗari.

Shan taba sigari yana ƙara haɗarin da kimanin rabi, haka ma ƙiba mai yawa a lokacin ƙuruciya tana ƙara shi.

Akwai kuma zargin da bai tabbata ba. A shekara ta 1998 gwamnatin Faransa ta dakatar da allurar rigakafin ciwon hanta na B a makarantu, saboda raɗe-raɗin cewa tana jawo wannan ciwo. Manyan binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da hakan ba, har ma daga shekara ta 2018 Faransa ta wajabta allurar ga jarirai. Tun da ciwon hanta ya yi yawa a yankinmu, kada wannan tsohuwar magana ta hana uwa kai ɗanta rigakafi. Har ila yau, ciwon tabban jijiya ba a ɗaukar sa ta cin abinci tare ko ta zaman aure.

Maganin asibiti

In ciwon ya taso, akan ba majiyyaci kortizon mai ƙarfi ta jijiya, kwana 3 zuwa 5, don a gajarta tashin. Maganin farko mai rage yawan tasowar ciwon, watau anterferon beta, ya fito a Amurka a shekara ta 1993. Na haɗiya na farko ya biyo baya a 2010, sa'an nan a 2017 aka samu na farko ga masu irin ciwon da ke ci gaba ba lafawa. Waɗannan magunguna ba su mayar da abin da ya riga ya lalace, amma suna hana sabuwar ɓarna, kuma gwargwadon yadda aka fara da wuri, gwargwadon amfaninsu. Babbar matsalarsu tsada. A shekara ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa uku daga cikinsu a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada: kladribin, da glatiramer, da rituksimab.

Magungunan gefe da aka gwada

Hanyar gane maganin ƙwarai ɗaya ce. A raba majiyyata gida biyu ta ƙuri'a, a ba waɗansu maganin, a ba waɗansu abin da ya yi kama da shi amma ba komi a ciki, sa'an nan a kwatanta. Ga abin da wannan awo ya nuna.

A shekara ta 2009 wani lokotoro ɗan Italiya, Paolo Zamboni, ya ce ƙuntatar jijiyoyin jini na wuya ce tushen ciwon, kuma in an buɗa su za a samu sauƙi. Dubban majiyyata, musamman daga Kanada, sun kwashi kuɗinsu sun tafi ƙasashen waje a yi musu aikin, har waɗansu suka rasa rayukansu. A 2017 gwajin da shi da kansa ya jagoranta a kan mutum 115 ya nuna aikin ba shi da amfani.

A Holan, a shekara ta 2005, an gwada harbin ƙudan zuma a kan mutum 26, har harbi 20 sau uku a mako, tsawon mako 24. Ba a ga wani canji ba, alhali dafin yana iya kashe wanda jikinsa bai jure shi. Haka nan shiga ɗakin iskar oksijan mai matsi, da cire cikon haƙori na ƙarfe, duk ba a samu hujjar amfaninsu ba.

Maganar abinci ta daɗe. Tun wajen 1950 lokotoro Roy Swank ya sa majiyyatansa su rage kitsen dabba ƙwarai, ya kuma bi mutum 144 har shekara 34. Sakamakon da ya bayar a 1990 ya yi kyau, sai dai ba a raba mutanen ta ƙuri'a ba, don haka ba a iya cewa abincin ne ya yi aikin. Cin ganye da kifi da ƴaƴan itace yana gyara jiki, amma bai maye gurbin magani.

Bitamin D kuwa labarinsa biyu ne. Wani gwaji na Amurka da aka bayyana a 2023, a kan mutum 172, bai nuna ya rage tasowar ciwon ba. Amma a 2025 wani gwaji na Faransa a kan mutum 316 da ciwon ya fara taɓawa ya nuna ɗan amfani: cikin shekara 2, ciwon ya sake motsi a jikin mutum 60 cikin 100 na masu shan bitamin, da 74 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba. Wannan da awon likita aka yi. Shan sa barkatai yana tara sinadarin kalsiyom a jini, ya lalata ƙoda.

Daga ganyen wiwi an tace wani magani na fesawa a baki, Sativex, wanda Kanada ta yarda da shi a 2005, Ingila kuma a 2010. Yana sassauta ƙagewar tsoka ga waɗansu, amma bai taɓa tushen ciwon. Busa tabar wiwi kuwa wani abu ne dabam, yana ƙara dagula tunanin majiyyaci.

Dashen ƙwayoyin ɓargo na mutum da kansa, bayan an rushe garkuwar jikinsa da magani mai ƙarfi, ya nuna amfani na gaske ga masu ciwo mai tsanani, kamar yadda wani gwaji na 2019 a kan mutum 110 ya nuna. Aiki ne mai haɗari, sai a manyan asibitoci. Kada a haɗa shi da allurar da waɗansu wuraren kuɗi ke sayarwa da irin wannan suna.

Abin da ke taimako ba tare da kuɗi ba

A dā likitoci kan ce majiyyaci ya kwanta ya huta. A shekara ta 1996 wani gwaji a jihar Yuta ta Amurka ya nuna cewa motsa jiki na mako 15 ya ƙara wa majiyyata ƙarfi, ya rage musu gajiya da baƙin ciki. Tafiya a ƙasa da miƙe gaɓoɓi kowace rana suna da amfani. Barin taba yana rage saurin ciwon. Zafi kuwa yana tsananta alamun na ɗan lokaci, abin da lokotoron ido Wilhelm Uhthoff na Jamus ya lura da shi tun 1890. Ga mai ciwon da ke zaune a ƙasa irin tamu, inda zafin bazara ke wuce awo 40, ya kamata ya yi aikinsa da sanyin safiya, ya riƙa watsa ruwan sanyi, ya guji rana tsaka.

Ga mu nan gida

Ciwon bai yawaita a Afirka ta kudu da Sahara kamar Turai ba, amma akwai shi, kuma ƙarancin likitocin jijiya da injin hoton ƙwaƙwalwa da ake kira IRM yana sa waɗansu su mutu ba a san abin da ke damunsu ba. Akwai kuma cututtukan da ke kama da shi: tarin fuka da ya shiga ƙashin baya, da ƙarancin bitamin B12, da sida, da wani ciwon jijiyar ido da laka wanda ya fi kama baƙar fata, wanda kuma waɗansu magungunan tabban jijiya ke ƙara tsanantawa. Waɗansu daga cikin waɗannan ana warkewa sarai in an gane su da wuri.

Saboda haka, matashin da idonsa ya dushe ko ƙafarsa ta sage fiye da kwana ɗaya, ya tafi asibiti ko da abin ya wuce, ya kuma nemi a tura shi wajen likitan jijiya. Iyali kada su yanke cewa iska ce ko sammu, su ƙarar da dabbobi da hatsi wajen neman magani, shekarun da maganin asibiti ya fi amfani suna wucewa. Wanda ke shan wani sassaƙe ko jiƙo ya gaya wa likita, domin waɗansu suna wahalar da hanta. Ma'aikatan lafiya na karkara su rubuta irin waɗannan alamu da ranakun da suka zo, shugabannin ma'aikatu kuma su sauƙaƙa wa mai ciwon lokutan aiki maimakon su sallame shi, domin da yawa daga cikinsu suna iya aiki shekaru masu yawa.