Kafa Eriya a Jirgin Sama Marar Inji Ba Aikin Gaggawa Ba Ne

Mai karatu ya taɓa lura da yadda shirwa da ungulu suke taruwa a sama da tsakar rana, suna ta kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba? Iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa ce take ɗauke da su. To, da irin wannan iska jirgin sama marar inji yake hawa. A Turai, inda tuƙa waɗannan jirage wasa ne, matuƙa goma ko fiye sukan cunkushe cikin iska guda, ga jiragen farare sirara, masu wuyar hange. Karo a sama ya ci rayuka da yawa, musamman a tsaunukan Alps.

A shekarar 2004 waɗansu injiniyoyi a ƙasar Suwizalan suka fito da wata 'yar na'ura mai suna FLARM. Takan san inda jirgi yake ta wurin tauraron ɗan Adam, ta lissafta inda ya nufa, sa'an nan ta sanar da jiragen da ke kusa ta rediyo. In hanyoyi biyu za su gamu, sai ta yi ƙara, ta kunna fitilar da ke nuna gefen da haɗarin yake. Gargaɗin farko yakan zo kimanin daƙiƙa 18 kafin karo.

Amma fa sayen na'urar shi ne mai sauƙi. Wuyar tana wajen eriya, gama muryar na'urar ba ta da ƙarfi: ta farko kilomita 3 zuwa 5 take kaiwa. Dole eriya ta tsaya a miƙe. Jikin jirgi na zaren gilashi yakan bar saƙo ya wuce, amma na zaren kabon tare shi yake yi kamar bango. Haka ma ƙarfe, har da jikin matuƙin kansa. Eriyar da aka kafa a gabansa tana jin abin da ke gaba da sama, amma kurma ce ga jirgin da ke ƙasa. Shi ya sa masu hankali sukan ƙara ta biyu a ƙarƙashin jirgin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, na'urar da aka kafa wa eriya a karkace tana kunnuwa lafiya lau, matuƙi ya saki jiki. Don haka bayan an yi 'yan tafiye-tafiye akan zuba abin da ta rubuta a kwamfuta, a ga gefen da ba ta ji. Ko da an gyara, FLARM ta asali ba ta san da jirgin da ba ya ɗauke da irinta ba, sai dai matuƙi ya gan shi da ido.